Alamomin kwatance da na manɗiƙi a harshen GP: wanne za ka bari, wanne za ka yanke?

Duk wanda ya zauna tsara harshen da kwamfuta za ta yi kiwon shirye-shirye a cikinsa, wato fannin jenetik furogiramin, GP a taƙaice, da wuri yake cin karo da wannan tambaya. Tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa ba su da gardama, kowa na saka su. Gardamar tana tashi ne idan aka iso kan alamomin kwatance guda shida, <, <=, >, >=, == da !=, sai kuma na manɗiƙi, masu aiki da gaskiya da ƙarya: AND (duka biyu), OR (ko ɗaya daga ciki), NOT (kishiya), XOR (ɗaya kaɗai cikin biyu), NAND da NOR (kishiyoyin AND da OR), da IF (idan). A zuba su duka ne? A rage su zuwa biyu ko uku? Ko a narkar da su cikin umarni guda?

A GP ba mutum ke rubuta shirin ba. Kwamfuta ce ke ƙirƙiro garke na ɗaruruwan shirye-shirye da ka, yawanci a siffar bishiya mai gaɓoɓi da rassa, ta gwada kowanne a kan misalai, ta ba shi maki, ta zaɓi na kirki, ta yanko reshe daga wannan ta dasa a wancan, lokaci-lokaci kuma ta sauya wata gaɓa haka kawai. Ana maimaita hakan zuriya bayan zuriya. Saboda haka abin da ke sa harshe ya yi wa ɗan Adam daɗin rubutu ba lalle ne ya amfani wannan garke ba. Ni dai abin da na yarda da shi, kuma zan kare shi a nan, shi ne rage alamomin kwatance abu ne mai arha, amma rage na manɗiƙi har ƙasa yana da tsada, kuma mutane da yawa suna haɗa su su yi musu hukunci ɗaya.

Ma'aunan da za mu yi amfani da su

Tsada. Kusan duk kayan aikin wannan fanni kyauta ne: DEAP da gplearn a Python, ECJ a Java, Clojush a Clojure. Abin da za ka biya shi ne lokacin injinka da naka. Ɗauki garke mai shiri 500, zuriya 50, kowace bishiya gaɓa 100, misalan gwaji 1,000. Lissafin gaɓa biliyan 2.5 ke nan a gudu ɗaya, kuma ba wanda ke dogara da gudu ɗaya. Duk zaɓin da ya ninka girman bishiya ya ninka wannan adadi.

Ƙarko. Idan aka yanke reshe aka dasa wani, shirin zai ci gaba da aiki? Zai riƙe wani abu na ma'anarsa ta da, ko komai zai watse? John Koza na Jami'ar Stanford a Amurka, a littafinsa na 1992 da ya kafa fannin, ya gindaya sharaɗi cewa dole kowace gaɓa ta iya karɓar duk abin da wata gaɓa ta miƙo mata. Duk zaɓuɓɓukan da ke ƙasa hanyoyi ne na cika wannan sharaɗi ko na kewaye shi.

Sauƙi, fuska biyu: sauƙin rubutawa, da sauƙin karanta abin da garken ya haifa. Na biyun ne aka fi mantawa da shi sai ranar da aka ce ka yi bayani.

Haɗari. Kuskuren da ba ya ƙara, shirin ya yi gudu lafiya, maki ya yi kyau, alhali amsar ta dogara ne a kan wani hali na lambobi da ba ka yi niyya ba.

Kwatance shida, ɗaya ya isa

Wannan ɓangaren ya shafi kowane zaɓi, don haka gara a gama da shi tun yanzu. Da < kaɗai, tare da NOT da AND, ana samun sauran biyar. a > b shi ne b < a. a >= b shi ne NOT(a < b). a == b shi ne a ba ya ƙasa da b, b ma ba ya ƙasa da a. Laburaren C++ ma da < kaɗai ya daɗe yana jera abubuwa.

Dalilin ragewa ya wuce tsafta. Jerin alamomin da ka bayar shi ne buhun da injin ke zaro gaɓoɓi daga ciki ido rufe. Idan kana da alamomin lissafi huɗu ka ƙara kwatance shida, to gaɓa shida cikin kowace goma da za a zaro kwatance ce. Ita kuwa gaɓar kwatance komai yawan lissafin da ke ƙarƙashinta tana matse shi ne ya koma i ko a'a. Bishiyar da ta cika da su kurma ce: ka sauya abin da ke ƙasa, sama ba ta ji ba, maki bai motsa ba, zaɓe ya rasa abin kamawa.

== da != su ne na farkon fita idan lambobinka masu ɗigo ne. A kwamfuta 0.1 + 0.2 ba ya zama daidai da 0.3, 0.30000000000000004 yake bayarwa. Lissafi biyu da aka haɗa da ka kusan ba sa taɓa zama daidai, sai fa idan abu ne ake kwatanta shi da kansa. Ke nan == ta zama wata doguwar hanya ta rubuta "ƙarya", != kuma ta rubuta "gaskiya". Amma idan cikakkun lambobi kake aiki da su, ko haruffa, ko rukuni-rukuni, ka bar ==, domin gina ta daga < yana cin gaɓoɓi biyar da maimaita a da b sau biyu.

Akwai hujja ɗaya ta barin > kusa da <, kuma ba ta banza ba ce. Idan dukansu suna nan, sauyin gaɓa ɗaya tak yana juya hukunci. Idan < ce kaɗai, sai an musanya rassa biyu. Maganin da na fi so shi ne a bar < ita kaɗai, a ƙara wani nau'in sauyi mai musanya guraben gaɓa. Koza kansa ya bayyana irin wannan sauyi a cikin ƙananan dabarunsa.

Zaɓi na ɗaya: komai lamba ne, har gaskiya da ƙarya

Nan nau'i ɗaya ne kawai a harshen. Kwatance yana fitar da lamba, AND da OR suna karɓar lamba. Koza ya yi haka a matsalar tsayar da amalanke a tsakiyar layi, inda alamar kwatance GT ke ba da +1 idan na farko ya fi na biyu, in ba haka ba −1.

Tsadar rubutu kusan babu, aikin yamma ɗaya ne. Ƙarko ta fuskar gudu cikakke ne, kowane reshe yana shiga ko'ina. Akwai ma garaɓasa: da +1 da −1, NOT juya alamar lamba ce kawai, ninka lamba biyu da juna kuma yana gaya maka ko sun yi daidai, wato kishiyar XOR ta zo kyauta. Da 0 da 1 kuwa ninkawa ita ce AND.

A nan gizo ke saƙa: wace lamba ce gaskiya? Idan ka bi al'adar harshen C, duk abin da ba sifili ba gaskiya ne, to a duniyar lambobi masu ɗigo kusan komai gaskiya ne, kuma reshen "in ba haka ba" na kowace IF zai zauna ba a taɓa shiga cikinsa ba. Ka ce gaskiya ita ce abin da ya haura sifili, wannan ya fi. Sai kuma ka lura da rabawa mai kariya. Ta Koza tana ba da 1 idan aka raba da sifili, ta gplearn ma tana ba da 1 idan abin rabawar ya matso kusa da sifili ƙwarai. Wannan 1 ɗin "gaskiya" ce a sabon harshenka, kuma garke zai gano haka ya mayar da rabawa wata ɓoyayyiyar IF. Ga kuma matsalar karatu: za ka samu shiri mai cewa a tara zafin jiki da sakamakon "shekaru sun haura 40", a ninka da AND na wasu abubuwa biyu. Yana iya cin maki, amma ba likitan da za ka iya yi wa bayaninsa.

Zaɓi na biyu: IFLTE, kwatance da hukunci a gaɓa guda

Wannan ma na Koza ne. IFLTE tana da gurabe huɗu, a, b, c, d: idan a bai wuce b ba a ɗauki c, in ya wuce a ɗauki d. Gaskiya da ƙarya ba sa fitowa fili ko kaɗan, ana haifar su a cinye su a cikin gaɓar. Tambayar "wace lamba ce gaskiya" ta mutu. NOT ba ta da aiki, musanya c da d ya wadatar. Alama ɗaya ta maye gurbin goma sha wani abu. gplearn ba ya zuwa da alamomin kwatance, kuma misalin da takardunsa ke bayarwa na ƙara aiki naka irin wannan gaɓa ce mai gurabe huɗu.

Ina son IFLTE, amma tana da kuɗinta. Na farko girma. Cikakkiyar bishiya mai zurfi 6 ta gaɓoɓi masu gurbi biyu ganye 64 gare ta, wato gaɓoɓin ƙarshe marasa rassa, ta masu gurbi huɗu kuwa 4,096. Ba kowace gaɓa ce za ta zama IFLTE ba, amma kumburin da GP ya shahara da shi, wato bishiyoyi su yi ta girma ba ƙarin maki, yana samun wurin zama a nan, musamman a rassan da suka mutu. IFLTE(x, x, c, d) ba za ta taɓa shiga d ba, don haka duk tarkacen da aka jibge a d ba ya rage maki, sai ya yi ta taruwa yana cin ma'aji.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, haɗa sharuɗɗa. Kana son cewa idan a bai wuce b ba kuma c bai wuce d ba, a yi X, in ba haka ba Y. Babu AND, sai ka saka IFLTE cikin IFLTE, kuma dole Y ya bayyana sau biyu. Da OR, X ne zai bayyana sau biyu. Garke zai gano Y sau biyu ke nan, ko ya yi sa'ar kwafarsa, sannan duk gyaran da ya samu kwafi ɗaya bai taɓa ɗayan ba. Idan hukuncin matsalarka sharaɗi ɗaya ne ko biyu, ba komai. Idan sharuɗɗa huɗu ne ko biyar a sarƙe, ƙarkon ya tafi.

Sai abu na uku da ke kama sababbin shiga. Idan rassan suna aikata wani abu, ba lissafi kawai ba, dole reshen da aka zaɓa kaɗai za a gudanar. A matsalar tururuwar Santa Fe, inda tururuwa ke neman ƙwayar abinci 89 a fili mai gida 32 sau 32, gaɓar IF-FOOD-AHEAD, mai duba ko akwai abinci a gaba, da za ta gudanar da rassanta biyu da tururuwar ta yi tafiya biyu a lokaci guda. A np.where kuwa, wato IF ɗin laburaren NumPy na Python, duka biyun ake lissafawa kafin a zaɓa. Ga lissafi zalla wannan ɓata lokaci ne kawai, ga mutum-mutumi ko wasa kuskure ne.

Masu GP na jeri, inda shiri layi-layi ne ba bishiya ba, kamar yadda Markus Brameier da Wolfgang Banzhaf suka bayyana a 2007, suna da ɗan'uwan wannan zaɓi: umarnin kwatance da ke tsallake layi na gaba idan sharaɗi bai cika ba. Jera irinsu biyu a jere yana ba da AND ba tare da kwafin komai ba.

Zaɓi na uku: raba nau'i, lamba daban, gaskiya daban

David Montana ne ya wallafa wannan hanya a 1995. Kowace gaɓa tana bayyana nau'in abin da take karɓa da wanda take fitarwa. < tana cin lamba biyu ta fitar da gaskiya ko ƙarya. AND tana cin gaskiya biyu. IF tana cin gaskiya ɗaya da lamba biyu. Ba a dasa reshe sai a gurbin da nau'insa ya dace. Sharaɗin Koza ba a cika shi ba, an hana dashen da zai karya shi ne tun farko.

Ta fuskar karatu babu na biyunsa. Abin da ke fitowa yana kama da ƙa'idar da mutum zai rubuta da hannunsa. DEAP, wanda aka gina a Jami'ar Laval da ke Kanada, yana da PrimitiveSetTyped don wannan, kuma misalinsa na tace saƙonnin banza, a kan bayanan Spambase masu saƙo 4,601 da siffa 57, yana amfani da AND, OR, NOT, <, == da IF ne kawai bayan alamomin lissafi. ECJ na Sean Luke a Jami'ar George Mason shi ma yana da nau'i. Lokacin gudu bai fi na zaɓi na ɗaya da wani abin kirki ba, tsadar tana wajen tsarawa.

Ga wani tarko da kusan kowa ke faɗawa. Idan mai ƙirƙirar bishiya ya kai iyakar zurfi a gurbin da ke neman gaskiya, dole ya samu ganye mai wannan nau'i, in babu DEAP zai tsaya da kuskure. Sai mutum ya ƙara True da False a matsayin ganye, kamar yadda misalin Spambase ya yi. Daga nan garken farko zai cika da IF(False, ...) da AND(True, ...), matattun rassa tun ranar haihuwa. Idan a bayananka akwai siffofi na i ko a'a, su ne ganyen da ya kamata ka bayar. Idan babu, ka share irin waɗannan gaɓoɓi lokaci-lokaci.

Nahawu, wato rubuta ƙa'idojin siffar da shiri zai iya ɗauka, wata ƙofa ce ta shiga gida ɗaya. Peter Whigham ya kawo shi a 1995, sannan Conor Ryan, J. J. Collins da Michael O'Neill na Jami'ar Limerick a Ailan suka fito da nasu salon a 1998, wanda PonyGE2 ke aiwatarwa a Python. Da nahawu kana iya cewa kwatance dole ya zama siffa ɗaya a hagu da lamba tsayayya a dama, ba x < x, ba 3 < 5. Iko ne babba. Raunin salon Limerick shi ne jerin lambobi ake fassarawa zuwa shiri, kowace lamba tana zaɓen ƙa'idar nahawu ta gaba, don haka sauya lamba ɗaya ta farko-farko na iya sauya ma'anar duk na bayanta.

Harshen Push na Lee Spector, da ya fara a Kwalejin Hampshire a farkon shekarun 2000, ya raba nau'i ta wata hanya: kowane nau'i da tarinsa, wato wurin da ake jibge abubuwan wannan nau'i ɗaya kan ɗaya, kuma umarnin da bai samu abin ci a tarinsa ba sai ya wuce shiru. Ba ya ragewa, zubawa yake yi, umarni fiye da ɗari. Gudu a hankali, karatu da wuya, amma a kan jerin matsalolin rubuta shiri guda 29 da Thomas Helmuth da Spector suka fitar a 2015 aka fi saninsa, inda ake cuɗanya lambobi, haruffa da jeri.

Zaɓi na huɗu: min da max a madadin AND da OR

Lotfi Zadeh ya kawo wannan a 1965: AND ita ce ɗaukar ƙarami, OR ɗaukar babba, NOT kuma 1 − x. A GP ana iya ɗaukar a − b a matsayin "a ya fi b", sai girman lambar ya nuna nisan da ke tsakaninsu.

Amfaninsa shi ne ba ya kurmantar da bishiya. Ƙaramin sauyi a ƙasa yana haifar da ƙaramin sauyi a sama, maki yana hawa da sauka a hankali, kuma kayan aikin da ke daidaita lambobi tsayayyu ta bin gangara, irin PySR, suna samun abin bi. Gurabe biyu ne kawai, ba kumburin IFLTE. min da max suna cikin gplearn tun asali. Wasu matsalolin ma kamar don su aka yi su: na tsakiya cikin lamba uku shi ne max(min(a, b), min(max(a, b), c)), gaɓa huɗu, ba IF ko ɗaya.

Iyakarsa a bayyane take. min, max, tarawa, ɗebewa da ninkawa, duk yadda ka sarƙa su, ba sa yin tsalle, lanƙwasa kawai suke yi. A cikin matsalolin 2015 ɗin nan akwai wadda ke cewa a rubuta kalma ɗaya idan lamba ta gaza 1,000, wata kalma idan ta kai 2,000, a yi shiru a tsakani. Irin wannan yana neman kwatance na gaske. Kuma ba duk dokokin manɗiƙi ke tsira ba: dokokin De Morgan suna nan, amma "x ko kishiyar x" ba kullum yake cikakkiyar gaskiya ba, a 0.5 rabi yake bayarwa.

Zaɓi na biyar: NAND kaɗai

Wannan ne ke jan hankalin masu son tsafta. Henry Sheffer ya nuna a 1913 cewa alama guda ta isa gina duk manɗiƙi, kuma Charles Peirce ya riga shi ganin haka tun wajen 1880. Lissafin gaskiya ne. Sai dai isa daban, kusa daban. NOT NAND ɗaya ce, AND biyu, OR uku, XOR huɗu, kuma wannan ƙidayar ta da'irar lantarki ce inda waya ɗaya ke iya ciyar da ƙofa biyu. A bishiya babu wannan, sai kwafi. XOR ta zama NAND biyar da ganye shida, gaɓa 11 a madadin 3, kuma idan a da b manyan rassa ne, kowanne sai ya bayyana sau uku. Sauyi ɗaya a kowane ɗaya daga cikinsu ya rushe ginin.

Tarihin fannin ya riga ya nuna tsadar rashin alamar da ta dace. Matsalar gane ko adadin 1 a cikin jerin bit (lambobi 0 ko 1) mai rabuwa biyu ne, da AND, OR, NAND da NOR kawai, wahalarta tana ninkuwa da kowane bit da aka ƙara. A 1994 Koza ya nuna cewa idan aka bar shiri ya gina ƙananan ayyukan kansa ya riƙa kiransu, ana kaiwa nesa sosai, kuma sau da yawa abin da ƙananan ayyukan ke zama shi ne ƙaramin salo na matsalar kanta, dangin XOR. Garken ya ɓata lokaci yana ƙera abin da aka hana shi. Kada kuma ka juya ka ba da XOR ita kaɗai: duk bishiyar XOR zalla ko ta haɗa dukan bit ɗin daidai, a nan ma kishiyar amsar za ta bayar, ko ta ci rabin maki cif, babu tsani a tsakani.

Inda NAND kaɗai ke da ma'ana shi ne idan da'ira kake ƙerawa da gaske kuma ƙofar da za a kafa ke nan. To a nan ka bar bishiya ka koma salon Cartesian na Julian Miller, na wajen 1999 zuwa 2000, inda gaɓa ɗaya ke ciyar da gaɓoɓi da yawa. Albishir ɗaya ga duk mai manɗiƙi zalla: Riccardo Poli da William Langdon sun nuna a ƙarshen shekarun 1990 cewa ana iya cusa misalan gwaji cikin bit-bit na kalmar injin, wato jerin bit da injin ke sarrafawa a lokaci guda. Misalai 64 na matsalar maltifileksa mai bit 6, inda wasu bit ke nuna wanne za a zaɓa cikin sauran, suna shiga kalma ɗaya mai bit 64, 2,048 na mai bit 11 kuma zagaye 32 kacal.

Haɗarin da ke bin kowa: NaN

A ƙa'idar IEEE 754 ta 1985 da ke tsara lambobi masu ɗigo a kwamfuta, duk kwatance da NaN, wato sakamakon da ba lamba ba ne irin na raba sifili da sifili, ƙarya yake bayarwa, ban da !=. Ke nan NOT(a < b) da a >= b ba abu ɗaya ba ne idan NaN ya shigo: na farko gaskiya, na biyu ƙarya. IFLTE kullum za ta bi reshe na huɗu shiru. min na Python ya danganta da wanda aka fara rubutawa, np.minimum yana yaɗa NaN, np.fmin yana watsar da shi. Garke yana haifar da NaN da rashin iyaka a kai a kai, kuma zai jingina da halinsu idan hakan na ƙara maki. Ka yanke hukunci ɗaya tun farko, mafi sauƙi shi ne duk shirin da ya fitar da NaN a ba shi mafi munin maki.

Wannan ya shafi sharar bayan gudu ma. Goge NOT biyu a jere, ko mayar da AND(x, x) zuwa x, ba laifi. Mayar da x − x zuwa sifili kuwa sai ka tabbata x ba ya zama NaN ko rashin iyaka. Mutanen Push suna bin hanyar da ba ta buƙatar doka: a cire wani yanki da ka, a sake gwaji, in maki bai ragu ba a bar shi a cire. A 2017 sun ba da rahoton cewa shirye-shiryen da aka rage haka sukan fi yin daidai a kan misalan da ba su taɓa gani ba.

| Zaɓi | Tsada | Ƙarko | Sauƙin rubutu | Sauƙin karatu | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Komai lamba | ƙasa | yana gudu, ma'ana na watsewa | sosai | da wuya | gaskiyar da ba a nufa ba |
| IFLTE | matsakaici, bishiya na kumbura | mai kyau ga sharaɗi ɗaya ko biyu | sosai | matsakaici | kwafin rassa, matattun rassa |
| Raba nau'i ko nahawu | aikin tsarawa | mai kyau | matsakaici | sosai | ganyen True da False |
| min da max | ƙasa | mai kyau ƙwarai | sosai | matsakaici | ba ya tsalle |
| NAND kaɗai | sama a bishiya | rauni | sosai | da wuya ƙwarai | amsa ta yi nisa |

Wanne ya dace da kai

Idan dabarar lissafi kake nema daga bayanan awo, kuma abin da kake aunawa lanƙwasa yake yi ko ya kai wani matsayi ya tsaya, fara da min da max, ba kwatance ko ɗaya. Sai ka ga kuskure ya taru a gefen wata iyaka sannan ka ƙara IFLTE.

Idan akwai tsalle ɗaya ko biyu da ka san da su, ko kana sarrafa mutum-mutumi ko ɗan wasa, IFLTE ce, tare da iyakar zurfi, irin 17 da Koza ya saba sakawa, da tabbatar cewa reshe ɗaya kaɗai ake gudanarwa.

Idan ƙa'idar rarrabewa kake so wadda wani zai karanta ya amince ko ya ƙi, likita ne ko mai binciken kuɗi, raba nau'i. Jerina a nan shi ne <, AND, OR, NOT da IF, sai == idan akwai rukuni ko cikakkun lambobi. OR tana iya fitowa daga AND da NOT, amma gaɓa huɗu take ci, ka bar ta. Idan kana da sharuɗɗa a kan siffar ƙa'idar kanta, nahawu.

Matsalar manɗiƙi zalla tana son AND, OR, NOT, sannan IF idan zaɓe ne a cikinta, XOR idan ƙidaya ce ko tarawa ta bit, tare da dabarar cusa misalai cikin kalma. Da'irar gaske tana son ƙofofin da za a kafa, a salon Miller. Shiri cikakke mai haruffa, jeri da madauki (maimaita umarni) kuwa Push ne ko nahawu, kuma a can ma ka cire umarnin nau'in da matsalarka ba ta taɓawa.

Zaɓi na ɗaya na bar wa mai koyo da ke son ganin garkensa na farko yana motsi a yau ɗin nan, da sharaɗin gaskiya ta zama abin da ya haura sifili, kuma ya duba abin da rabawarsa ke bayarwa kafin ya yarda da makin da ya gani.